Takalmin Hawan Dutsen Taebaek

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, a aji shida na tsaya, amma akwai abin da ko jaririn garinmu ya sani: ba a ba mutum kyautar takalmi. Wanda ka ba takalmi, ka ce masa ya kama hanya ke nan. In kuwa dole ta sa, sai wanda aka ba ya miƙa 'yar ƙwandala, ko ta won ɗari ce, wato ƙaramin kuɗin ƙasarmu, ya zama saye ya yi, an kashe maganar. Ban ce na yarda da wannan ba. Na ce dai kowa ya sani. Matata Okbun kuwa ta fi kowa sani, domin ita ce mai riƙe irin waɗannan abubuwa a gidanmu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙar kwal a ƙarƙashin garin Taebaek. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zuba min shinkafa ludayi huɗu a kwanon tafiya aiki ba, ko uku ko biyar. Ba ta taɓa gilmawa ta gabana ba in na fito zan tafi rami. Da na fita kuma sai ta ɗauki takalmin da na bari a bakin ƙofa ta juya shi, kansa ya kalli cikin gida, don mai shi ya dawo. Duk matan unguwar ma'aikata haka suke yi, amma ita ko zazzaɓi take yi sai ta rarrafo ta juya. Nakan ce mata aikin banza ne, katako ne ke riƙe rufin rami ba takalmi ba. Takan ce, "To, na ji," gobe ta sake.

Shekara biyu ke nan da aka rufe ramin. Tun daga ranar na samu wuri a daɓen falo, inda ɗumin da ake hurawa ta ƙarƙashin daɓe ya fi tashi, na zauna. Ba ciwo nake yi ba, in ban da tarin da duk wanda ya shiga rami yake fitowa da shi. Kawai ban ga inda zan je ba. Tsofaffin abokan aikinmu sun kafa ƙungiyar hawan dutse, duk Asabar suna fita, watan Janairu kuma sai su hau dutsen Taebaek ɗin kansa. Shugabansu Yaya Gibong, wanda ya koya min riƙe injin haƙa tun ina ɗan shekara ashirin da uku, ya kira ni ya fi sau goma. Amsata ɗaya ce: dutsen da na shekara talatin a cikin cikinsa, me zan je nema a kansa?

Ranar wata Laraba ya sake kira, Okbun ce ta ɗauka. Ina jin ta tana cewa, "Zai zo, Yaya. Ƙarfe takwas a ƙofar Yuilsa. Zai zo." Na ce wa ya aike ki? Ba ta ko dube ni ba. Washegari da la'asar ta dawo daga kasuwa da kwali a hannu, ta dire shi tsakanina da talabijin.

"Baban Sunhwa, gwada."

Na buɗe. Takalmin hawan dutse ne na lokacin sanyi, ruwan ƙasa, mai dogon wuya, cikinsa da gashi-gashi, tafinsa kamar tayar babbar mota. Ban taɓa sa takalmi mai kyansa ba. Na gwada, ya zauna cif, har da sararin safa mai kauri. Ta danna kan takalmin da babban yatsa ta ce ya yi.

Na laluba aljihun wandon da ke rataye, na samo ƙwandalar won ɗari, na miƙa mata. Ba wai don na yarda ba. Don dai na san za ta tambaya.

"Ajiye abarka," in ji ta.

"Ungo mana."

"Na ce ajiye. Kyauta ce."

Ta ɗauki kwalin ta shige kicin. Na bi bayanta da kallo, ƙwandala a tafin hannuna. Da fari na ɗauka mantuwa ce. Amma mai mantuwa in an tuna masa ai sai ya ce af. Wannan ba ta ce af ba. Kyauta ce, ta ce, ta kuma dube ni cikin ido da ta faɗa. Macen da ta taɓa tare ni a matakala ta sa na koma ciki na sake fitowa don hankaka ya yi kuka, ita ce yau take ba ni takalmi kyauta.

Ranar Juma'a da safe na yi abin da na jima ban yi ba, na sa baƙin takalmina na fita. Shi ne takalmin da nake da shi na yau da kullum, na fata, tafinsa ya cinye ya yi sumul kamar bayan cokali. Na iske Yaya Gibong a shagon gyaran keken ƙaninsa, yana wasa haƙoran aijen, wato sarƙar ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura wa takalmi don ƙanƙara. Sangdok na zaune kusa da murhu. Shi Sangdok tare muka yi aiki a layi ɗaya, matarsa ta tafi wajen 'yar'uwarta a Incheon wata shida bayan rufe rami, da sunan mako biyu za ta yi. Har yau mako biyun ba su cika ba.

"A'a! Gawa ta taso!" in ji Yaya Gibong. "Sangdok, taɓa shi ka ji ko da ɗumi."

Na zauna na gaya musu abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya Gibong ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai Dalsu, kai ne fa ka yi fito a cikin rami don ka nuna mana camfi ƙarya ne, har muka kusa fasa maka baki. Yau kai ne ƙwandala ta hana sukuni?"

"Ba ni ta hana ba. Ni ban yarda da shi ba. Amma ita ta yarda, Yaya. Wanda ya yarda da abu in ya yi shi, ai da nufi ya yi."

Sai ya daina dariya, ya ci gaba da wasa ƙarfensa. Hakan bai yi min daɗi ba.

Sangdok ya ce, "Tana maka magana a gida?"

"Tana yi. Ci abinci. Ɗaga ƙafarka in share."

"Haka tawa ta fara."

"Ita ma takalmi ta saya maka?"

"A'a. Ita wa kanta ta saya." Ya miƙa hannu ga murhu. "Taka ta fi tawa wayo. Ita ce za ta zauna da gidan."

"Rufe mana baki, uban 'yan baƙin labari," in ji Yaya Gibong. "Dalsu, je ka tambaye ta mana. Bakinka ciwo yake?"

In tambaye ta me? In ce, ke, korata kike yi? In ta ce a'a na zama abin dariya. In ta ce e fa? Na tashi na kama hanyar gida. Ina tafe ina tuna cewa tun kaka ta fara zuwa koyon rawa a ɗakin taron unguwa, ta kuma yanke gashinta ba ta tambaye ni ba. Da can ban ɗauke su komai ba. Yanzu biri ya fara kama da mutum. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta an ce ka shafa wa naka ruwa, ni kuwa ban ma san ta ina wutar take ba.

Na tarar ta baje kaya a tsakar falo, daidai wurin zamana. Jakar baya ta 'yarmu Sunhwa ce, wadda ta bari da ta koma Wonju da aiki. Ga aijen sabo a 'yar jakarsa. Ga abin ɗaure ƙwauri don kada dusar ƙanƙara ta shiga ta wuyan takalmi. Safar ulu ƙafa uku, safar hannu siririya da mai kauri, hular da ke rufe har baki, sanduna biyu, fulas, taliyar cikin kofi da ake zuba wa ruwan zafi, da 'yan ƙunshin nan da ake girgizawa su yi zafi a sa a aljihu, har guda takwas. Tana ninke 'yan rigunan ciki, na ƙirga, uku.

"Uwar Sunhwa, wuni ɗaya zan yi ko ƙaura?"

"In ka yi gumi ka canza. Rigar da ta jiƙe ita ke kashe mutum a can sama, ba sanyin ba."

"Sau uku zan yi gumin?"

"Kai da ko shago ba ka zuwa? Sau biyar ma."

Ta ɗauko kwalbar maganin tarina, duka kwalbar, ta cusa a aljihun jakar. Na ce ƙwaya biyu sun isa. Ta ce ba ta da abin zuba ƙwaya biyu. Wataƙila gaskiya ne. Amma ni abin da na gani shi ne maganin wata guda da riguna uku da takalmin kyauta. Ta nuna min yadda ta jera: masu nauyi jikin baya, aijen a sama don kada in tsaya tonon jaka cikin iska, safar hannu ta biyu a aljihun waje. Tana magana ina kallon bakinta, ina neman wata kalma da za ta nuna min inda aka dosa. Ban samu ba. Maganar safa take yi tsakaninta da gaskiya.

Da za mu ci abincin yamma na ajiye ƙwandalar kusa da kwanonta. Ta tura ta da bayan cokali har ta dawo gabana, ba ta fasa tauna ba. Da ta tashi wanke kwanuka na jefa ta a aljihun rigar girkinta da ke rataye. Na ce to, ta shiga aljihunki, ko kin so ko kin ƙi an yi ciniki.

Asabar ƙarfe bakwai na safe na fito bakin ƙofa. Ga sabon takalmi ta jera shi, ta sassauta igiyoyin, kansa na kallon waje. Na zura hannu a na dama don in gyara harshensa, na ji abu mai sanyi. Ƙwandalar ce.

Na daɗe a tsugune. Ina jin ta a kicin tana yanka naɗin shinkafar da zan tafi da shi. Nan na yanke shawara, kuma a lokacin gani nake ban taɓa yin dabara irin wannan ba. Takalmin da ba a sa ba ai bai kai kowa ko'ina ba. Ba zan sa shi ba. Amma in na bar shi a nan za ta gani, a yi rigima. Saboda haka sai in tafi da shi a jaka, in dawo da shi a jaka, ƙafata ba ta shiga ba. Na buɗe jakar, ba wuri. Na ciro fulas, na ciro riguna biyu da safar hannu mai kauri, na tura su bayan injin wanki, na danna takalmin a ciki da gwiwa. Ta miƙo ƙunshin shinkafar daga ƙofar kicin ta koma don miya na tafasa. Na zura baƙin takalmina, na ja ƙofa a hankali. Ban yi sallama ba. Tun da muka yi aure ban taɓa fita ban ce na tafi ba.

A ƙofar Yuilsa, inda ake fara hawan dutsen, motocin 'yan yawo sun cika fili, kowa ja da shuɗi da rawaya kamar an zubar da alewa. Mutanenmu tara ne. Suna zaune a kan benci suna ɗaura aijen, don tun daga filin motoci hanyar ta daskare. Yaya Gibong ya dube ni daga sama, ya gyaɗa kai, ya sauko da ido har ƙasa, ya tsaya.

"Dalsu, ɗaurin aure za ka?"

"Takalmi takalmi ne."

"Ina na kyautar?"

Na nuna jaka da haɓa. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce da sauran, "Ku zo ku ga ikon mai sama. Mutum ya goya takalmi ya zo da ƙafa." Aka taru a kaina. Wani ya ce in goyon ne ma ai sai in ɗaura masa hula kada ya yi mura. Sangdok kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso ya ce min a kunne, "Ka yi daidai." Da na ji wanda ya ce na yi daidai, sai jikina ya ɗan yi sanyi.

Na zauna na ciro aijen. Robar da ke riƙe sarƙar an yi ta ne don takalmi mai ƙiba. A kan nawa sai ta yi sako-sako, in na ja ta gaba ta zame ta baya, in na ja ta baya haƙoran su koma gefe. Wata ma'aikaciyar gandun dajin mai koren kaya ta zo wucewa, ta tsaya.

"Baba, da wannan za ku hau?"

"Da shi."

"Ba zai riƙe ba. A sama iska ake yi, sanyin ya kai goma sha takwas ƙasa da sifiri. Yatsunku za su mutu kafin ku kai wajen tsofaffin itatuwan da ke saman dutsen. Ba ku da wani?"

"Yana da shi, 'yata," in ji Yaya Gibong. "Yana shayar da shi ne tukuna."

Na miƙe don in nuna musu. Na yi taku ɗaya, biyu, har shida lafiya lau. A na bakwai sarƙar ƙafar hagu ta tsaya a inda take, ni na wuce. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni zaune a kan ƙanƙara, ƙafafu a sama, sanda ɗaya ta tafi ƙarƙashin wata bas. Wasu mata 'yan Busan da ban taɓa gani ba suka yi ihu, sannan suka yi dariya. Takalmin da ke jakar ya doke ni a ƙashin baya kamar da gayya.

Ina nan zaune ina tunanin ko in tashi ko in zauna har bazara, sai tasi ta shigo filin da gudu ta tsaya. Okbun ta fito. Rigar girki na jikinta, ta ɗora babbar rigar sanyina ta da a kai, ƙafarta silifas ɗin roba da safa, baƙar leda a hannu. Ta ce wa direban ya jira. Ta ratsa mutane tana taka ƙanƙarar nan da silifas ko zamewa ba ta yi ba, ta tsaya a kaina.

"Cire."

"In cire me?"

"Takalmin. Na fito in juya, na tarar da bakin ƙofa wayam. Sabo babu, tsoho babu. Me kake so in juya, silifas ɗin banɗaki?"

Abin bai taɓa zo min a rai ba. Ni duk hankalina na kan wanda ta ba ni, ban tuna da wanda ya kamata in bari ba.

"Juyawa za ki yi?"

"A'a, miya zan yi da shi. Cire, tasi na jira."

Ban cire ba. Na ga in ban tambaya yanzu ba, ba zan ƙara tambaya ba, ga shi kuma mutuncin da nake tsoron zubarwa ya riga ya tafi ƙarƙashin bas tare da sanda.

"Ke kika ba ni takalmi."

"Ni ce."

"Na ba ki ƙwandala sau uku kika ƙi."

"Na ƙi."

"Kin san abin da hakan ke nufi."

"Ni za ka koya wa?"

"Wato in tafi."

"Ka tafi mana!" Ta faɗa da ƙarfi har matan Busan suka daina dariya. "Shekara biyu ina ce maka ka fita da baki. Je kasuwa, a'a. Je wajen su Yaya, a'a. Likita ya ce huhun nan sai da tafiya, ka ce likita bai taɓa shiga rami ba. Tsoho Ham na bene na uku haka ya zauna, yana kallon talabijin, har ranar da aka sauko da gawarsa mutum huɗu. Baki bai fitar da kai ba, na ce bari in gwada takalmi. Da na karɓi ƙwandalarka ai da na kashe shi, da yanzu kana can kana ɗumama daɓe."

"To ai ga shi ya yi aiki, ƙanwata," in ji Yaya Gibong. "Ko sa shi bai yi ba ya kawo shi har nan."

"Yaya, kai ma da naka. Ka ga mutum da takalmin zuwa biki ka bar shi ya taka ƙanƙara?"

"Ni na isa? Kansa ya fi dutsen nan tauri."

Ni dai har lokacin lissafin bai fito min ba. Na ce, "Tsaya, Uwar Sunhwa. Kin ba ni na kora. Za ki kuma juya na dawowa. To wanne zai ci wani?"

Ta dube ni kamar yadda take duban kifin da ba ta yarda da shi ba a kasuwa.

"Je ka dawo, sai mu gani."

Sangdok ne ya ɗaga ni ya kai ni benci. Na tuɓe baƙin takalmin, ta karɓe tun kafin in ajiye, ta kakkaɓe dusar ta sa a leda ta ƙulle. Na tono sabon daga jaka. Tana tsaye tana kallon abin da ke fitowa da abin da ba ya fitowa.

"Ina fulas?"

"Yana gida."

"Ina a gida?"

"Bayan injin wanki."

Ta ciro safar hannunta, ja mai ɗigon fari, ta wurga min a cinya. Ashe ta lura babu mai kaurin ma. Na zura ƙafar dama na ji ƙwandalar a ƙarƙashin diddige, don ban cire ta ba tun safe. Na zazzage ta a hannu. Na ɗaga kai, na ɗan miƙa, ba sosai ba.

"Ko ka soma," in ji ta.

Na mayar aljihu. Ta tsuguna a kan ƙanƙarar nan ta ja igiyoyin tun daga ƙasa har wuya, ta ɗaure tam, ta ja robar aijen ta zauna ɗas kamar tare aka ƙera su. Ta miƙe, ta ɗauki ledarta, ta zagaya ta bayan benci. Na lura ba ta gilma ta gabana ba. Sai da ta buɗe ƙofar tasi ta juyo.

"Ba ka ce komai ba da za ka fita."

Mutum tara na kallona, da ma'aikaciyar gandu, da matan Busan. Na ce, "Na tafi."

"A dawo lafiya," ta ce, ta shige.

Hawan ba abin da zan ce a kansa sai wuya. Kafin mu kai rabi na jiƙe sharkaf, na canza riga ɗayar da ta rage, na sake jiƙewa, babu ta uku, tana bayan injin wanki. Sabon takalmi ya ci min diddigen hagu. Na tsaya tari ya fi sau goma, duk tsayawa Yaya Gibong sai ya yi kamar igiyar takalminsa ce ta kwance. A sama iska ta kusa ɗauke ni, tsofaffin itatuwan nan sun yi fari fat, mutane na layi don ɗaukar hoto da su. Na roƙi ruwan zafi a fulas ɗin Sangdok na jiƙa taliyata, na ci a tsaye da jar safar hannu mai ɗigon fari, ana ta kirana amarya. Amma yatsun ƙafata ko ɗaya bai yi sanyi ba, kuma ban zame ba ko sau ɗaya. Wannan dole in faɗa.

Muna saukowa Sangdok ya jero da ni. Can sai ya ce, "Da tawa ta tafi akwai takalminta ɗaya da ta bari. Shuɗi. Yana nan a bakin ƙofa."

"Ina yake kallo?"

"Ban duba ba."

Ni da ban gane nawa ba, me zan koya wa wani?

Ƙarfe huɗu da wani abu na hau matakalar gidanmu ina ɗingishi, ina riƙe ƙarfen gefe. Na buɗe ƙofa. Baƙin takalmina na nan a tsakiyar wurin tuɓe takalma, an goge shi har yana ƙyalli, ƙafa biyu a jere, kansa na kallon cikin gida. Na tsaya ina dubansa. Katako ne ke riƙe rufin rami, har gobe haka zan ce. Amma na daɗe a tsaye.

"Kai ne?" ta ce daga kicin.

"Ni ne. Na dawo."

"To rufe ƙofa, kana shigo min da sanyi."

Na zauna na kwance sabon takalmin, na zare ƙafa da ƙyar. Na ɗauke shi zan ajiye, sai kuma na rasa yadda zan yi. In kansa ya kalli ciki, na tafiya ne, kada in ɓata mata aiki. In ya kalli waje, ni da hannuna na kori kaina. Na juya shi haka, na juya shi haka. Daga ƙarshe na ɗaga murya.

"Uwar Sunhwa, wannan ina zai kalla?"

Ta leƙo da ludayi a hannu, ta dube ni, ta dubi takalmin.

"Waje. Ka cusa masa jarida ya bushe. Yaya Gibong ya ce Asabar mai zuwa dutsen Hambaek za ku."

Na cusa jaridar, na ajiye shi yana kallon ƙofa, kusa da baƙin da ke kallon ciki. Ƙwandalar tana aljihun rigar sanyina har yanzu. Ban sake miƙa mata ba, ban kuma kashe ta ba, don ban tabbata abin da zai faru in na kashe ba.